Tafiya Ƙasar Bengal: Inda Wasa Ke Buɗe Bakin Matan da Ake Duka

Mu Hausawa ta hanya biyu muka fi sanin Indiya: fim da asibiti. Wanda bai taɓa raba dare yana kallon fim ɗin Indiya ba, to yana da ɗan'uwa ko maƙwabcin da aka kai can neman lafiya. Ni kuwa wani abu daban ya kai ni. Na daɗe ina jin cewa a jihar Bengal ta Yamma akwai ƙungiyoyin da ke amfani da wasan kwaikwayo da rawa da zane wajen tallafa wa matan da ake gallaza wa a gidan aure. Gaskiya maganar ba ta kwanta mini ba. Matar da aka fasa wa baki ai likita take nema da alƙali, me rawa za ta yi mata? Tun da gani ya kori ji, sai na haɗa 'yan komatsaina a ƙarshen watan Nuwamba, na nufi filin jirgin sama na Malam Aminu Kano.

Jirgi ya kai mu Adis Ababa cikin awa huɗu da rabi da 'yan mintoci. Muka yi zaman jira har cikin dare, sannan wani ya kwashe mu zuwa Delhi, tafiyar kusan awa bakwai. A layin kujerarmu akwai wani magidanci daga Katsina da zai kai mahaifiyarsa a duba mata gwiwa. Hajiya ta tambaye ni ciwon da ke damuna, na ce lafiyata ƙalau, aiki ne, na yi mata bayani. Ta yi shiru, can ta ce, "Ɗan nan, mata nawa ka tsallake a unguwarku kafin ka taho Indiya nema?" Na ce, "Gaskiya ne, Hajiya," don ba ni da amsar da ta wuce wannan.

Da safe muka sauka. Sai da aka duba katin rigakafin shawara kafin a buga mini fasfo. Agogon Indiya ya riga namu da awa huɗu da rabi, kuma wannan rabin awar ta yi ta rikita mini lissafin lokacin kiran gida. Hazo ya lulluɓe gari, amma ba ƙurar hunturu ba ce. Hayaƙin motoci ne da na ƙona karan shinkafa a gonakin Punjab da Haryana, mai yaji a ido da maƙogwaro. Daga filin jirgi na hau jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa babbar tashar New Delhi a kan rupi 60, cikin minti ashirin da 'yan kai. A lokacin rupi ɗaya ya haura naira 15, don haka duk abin da zan saya sai na ninka shi a zuci tukuna.

Da na so, da jirgin sama ya kai ni Kolkata cikin awa biyu da kaɗan. Amma ƙasar nake son gani, sai na sayi tikitin jirgin ƙasan da ake kira Rajdhani, kusan rupi 3,000 a tarago mai na'urar sanyaya iska, har da abinci. Ya tashi dab da ƙarfe biyar na yamma, da tafiyar kimanin kilomita 1,450 a gabansa, awa 17. Gadaje hawa uku ne a jikin bango. Nawa na can ƙoli, sai da tsani ake hawa, kuma ba damar mutum ya zauna sosai kansa bai bugi rufi ba.

Kafin a shimfiɗa gadaje hira ta haɗa ni da wani dattijo, tsohon ma'aikacin gidan waya, da matarsa. 'Ya'yansu uku, duk mata. Da ya ji abin da ke tafe da ni sai ya gyara zama, ya ce in ina son gane dukan mata a ƙasarsu, to in fara da dukiyar aure. A gidaje da yawa a can iyayen amarya ne ke ba ango da danginsa dukiya: tsabar kuɗi, zinariya, babur, firji, wani lokaci har mota. Ya ce auren babbar 'yarsa ya cinye kuɗin sallamarsa daga aiki, na ta biyun kuma ya ci filin da ya gada. Babban tashin hankalin shi ne ba a rufe lissafi ranar biki. Bayan wata shida sai a aiko cewa talabijin ɗin ta yi ƙanƙanta, ko ango na neman jari. In uba ya kasa, 'yarsa ce za ta biya da jikinta.

Na ce masa mu a wurinmu namiji ke biyan sadaki, ya kuma haɗa lefe. Ya ce lallai matanku sun huta. Ban yi saurin amsawa ba, don na tuna gara da kayan ɗaki, da irin gorin da ake yi wa amaryar da aka kai da gado da 'yan kwanuka kawai. Bambancin yana nan, babba ne kuwa, amma bai kai yadda dattijon ya zata ba.

Doka dai Indiya ba ta rasa ta ba. Tun 1961 aka haramta bayarwa da karɓar wannan dukiya. A 1983 aka mai da gallazawar miji ko danginsa laifin da ke jawo ɗaurin da zai iya kai shekara uku. A 1986 aka ƙara cewa idan mace ta yi mutuwar da ba ta Allah da Annabi ba cikin shekara bakwai da aurenta, aka kuma tabbatar ana matsa mata a kan dukiya, to mijin ko danginsa ne za su wanke kansu a gaban kotu. A 2005 aka kafa dokar kare mata daga cin zarafi a gida, wadda ta ba mace damar ci gaba da zama a gidan aurenta ko da babu sunanta a takardar gidan. Duk da haka, alƙaluman hukumar tattara bayanan laifuka ta ƙasar sun nuna mata 6,450 ne aka rubuta sun mutu a kan rikicin wannan dukiya a 2022 kaɗai, wato sama da 17 kowace rana. Matar dattijon ba ta ce uffan ba duk tsawon hirar. Sai da ya tashi wanke hannu ta dube ni, ta ce da 'yar Turancinta, "Doka tana ofis, yarinya tana ɗaki."

Mun wuce Kanpur da dare, ina barci rabi da rabi. Gari ya waye mana a wajen Dhanbad, ƙasar haƙar kwal, inda hatta ganyen itatuwa ya yi baƙi. Daga Asansol muka shiga Bengal, ƙasa ta sauya kama. Shinkafa ta nuna ana yanka ta da lauje, bayan kowane gida akwai kududdufi, ga ayaba ga kwakwa. Mutumin da ya taso yana jiran ɗan garuwa dole ya saki baki yana kallon wannan ruwa.

Wajen ƙarfe goma na safe muka shiga tashar Howrah mai dandamali 23, inda ba ka tafiya da ƙafarka, jama'a ce ke tura ka. Birnin Kolkata yana tsallaken kogin Hooghly. Ga gadar ƙarfen nan da aka buɗe a 1943, wadda ba ta da ginshiƙi ko ɗaya a tsakiyar ruwa, amma na zaɓi jirgin fito don in kalle ta daga ƙasa. Kuɗin bai kai rupi 10 ba. Na sami masauki kusa da Masallacin Nakhoda, a gefen titin Zakaria, rupi 1,500 kwana ɗaya. Na ci shinkafar biriyani wadda a nan ake sa mata dankalin turawa guda da dafaffen ƙwai, na sha shayin rupi 10 a ɗan ƙoƙon yumɓu da ake jefarwa in an gama. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ganin tsoho, ƙafa ba takalmi, yana jan keken ɗaukar fasinja da ƙarfin ƙirjinsa. Na kwanta bayan azahar, kiran sallar magariba ne ya tashe ni.

Washegari na haɗu da ɗalibar jami'ar da wani abokin aiki ya haɗa ni da ita don ta yi mini tafinta. Tun a hanya ta fara jero mini abin alfaharin garinsu. Kolkata ce hedikwatar mulkin Turawan Ingila a Indiya har zuwa 1911. A nan Ram Mohan Roy ya yi gwagwarmayar da ta kai ga haramta ƙona mace da ranta tare da gawar mijinta a 1829. A nan Ishwar Chandra Vidyasagar ya dage har aka halatta wa matan Hindu da mazansu suka mutu sake aure a 1856. A nan Begum Rokeya ta buɗe makarantar 'yan mata Musulmi a 1911, makarantar na nan har yau. Sai kuma ta sauya murya ta ce duk da wannan tarihi, babban binciken lafiyar iyali na ƙasa na 2019 zuwa 2021 ya gano kusan kashi 29 cikin ɗari na matan Indiya da suka taɓa aure, masu shekara 18 zuwa 49, miji ya taɓa dukansu ko ya tilasta musu kwanciya. Cikin matan da aka ci wa zarafi kuwa, kimanin uku cikin huɗu ba su nemi taimako ba, ba su ko faɗa wa kowa ba. Ta ce wannan shirun shi ne abokin gabar mutanen da za ta kai ni wurinsu.

Jirgin ƙarƙashin ƙasa na Kolkata shi ne na farko a Indiya, tun 1984, kuma rupi 15 ya kai mu kudancin birni. Sunaye biyu aka fi ambata a wannan fage. Akwai Swayam, wadda Anuradha Kapoor ta kafa a 1995. Tana ba mata shawara, ta haɗa su da lauyoyi, ta raka su ofishin 'yan sanda da kotu, sannan matan da suka zo mata da kuka sun kafa rukunin wasan kwaikwayo da na waƙa, suna kuma fitar da mujallar da su ke rubuta ta. Akwai kuma Kolkata Sanved, wadda Sohini Chakraborty ta kafa a 2004. Sohini gwanar rawa ce da ta karanci ilmin zamantakewa, ta fara gwada rawa a matsayin magani a 1996, a wani gidan da ake ajiye 'yan matan da aka ƙwato daga masu safarar mutane. Wasu cikin waɗanda ta koya wa su ne malaman ƙungiyar a yau, har ana ba da takardar difloma a wannan fanni tare da Cibiyar Tata ta nazarin zamantakewa da ke Mumbai.

Inda na je da ƙafata wata ƙaramar ƙungiyar unguwa ce mai bin irin wannan tsari, a saman wani tsohon bene. An gaya mini tun a bakin ƙofa cewa zaman farko ba namiji, ba kyamara, ba baƙo. Na ga dacewar hakan, na zauna a benci a baranda fiye da awa guda. Ba abin da nake ji sai dirin ƙafafu da tafi, can kuma sai ihun mata gaba ɗaya, sai dariya. Daga baya waɗanda suka yarda suka nuna mana abin da suke shiryawa domin kwanaki 16 na yaƙi da cin zarafin mata, waɗanda ake yi duk shekara daga 25 ga Nuwamba zuwa 10 ga Disamba.

Duk wanda ya zo da tunanin rawar fim zai sha mamaki. Mata ne goma sha wani abu, wasu da sari wasu da hijabi, akwai mai furfura akwai yarinya ɗanya. Ba karairaya, ba kwalliya, ganga ɗaya ce kawai. Ɗaya ta fito tsakiya kanta a sunkuye, sauran suna zuwa ɗaya bayan ɗaya suna ɗora mata gyale a ka, har nauyi ya durƙusar da ita. Ta daɗe a haka. Sannan ta shiga cire su da ɗai-ɗai, duk wanda ta yar sai ta buga ƙafa a ƙasa. A ƙarshe suka jeru, kowacce ta miƙa tafin hannu gaba, suka ce "a'a" da murya ɗaya. Shi ne ihun da na ji daga baranda.

Malamarsu, mace mai kimanin shekara arba'in, ta zauna da mu bayan an tashi. Ta kira ni Dada, yadda suke kiran yaya namiji. Ta ce, "Dada, matar da ta shekara goma ana dukanta, jikinta ya koyi ƙanƙancewa. Raɓe-raɓe take yi a jikin bango, hannunta ba ya wuce kafaɗa. In ka ce ta ba ka labari, ko ta fashe da kuka ko ta ce ba komai. Shi ya sa ba ma farawa da tambaya. Mukan ce ta tsaya da ƙafafunta biyu, ta ja numfashi, ta faɗi sunanta da ƙarfi." Ta ce wata sai ta yi makonni kafin sunan ya fito. Ita ma haka ta zo, da karyayyen hannu, yanzu kuwa da wannan koyarwa take ciyar da 'ya'yanta.

Na yi mata tambayar da na taho da ita tun daga Kano: shin rawa na hana duka? Ba ta yi kwana-kwana ba. "Ba ta hanawa, ba ta kuma biyan kuɗin haya. Amma wadda ta kasa kallon idona, yaya za ta kalli idon ɗan sanda, balle alƙali?" Ta ƙara da cewa ba sa ce wa kowa ta kashe aurenta. Da yawa suna komawa ɗakunansu, wasu su nemi kotu ta ja wa miji kunne, wasu su fita. Zaɓi na mai ɗaki ne, don ita ta san inda yake mata yoyo. Kafin mu fito ta nuna mini wani kabad cike da littattafan rubutu. Na masu koyon ƙaga labari ne, a nan suke barin su don kada a gani a gida. Ta ce kusan kowacce da labarin "wata maƙwabciyata" take farawa, sai tafiya ta yi tafiya maƙwabciyar ta koma "ni".

Zango na gaba ƙauye ne. Daga tashar Sealdah muka hau jirgin talakawa mai zuwa kudu, wajen bakin teku. Tafintata ta shige taragon da aka keɓe wa mata zalla, ni kuma na cusa kaina cikin na gama-gari, inda na yi yawancin tafiyar a tsaye, tsakanin kwandon kifi da buhun kayan miya. Masu talla na kutsawa da gyaɗa da lemo da maganin ciwon baya. Kimanin kilomita 60 ne zuwa Lakshmikantapur, awa biyu ba kaɗan, rupi 15. Daga nan muka hau wani babur mai ƙafa uku da aka shimfiɗa wa katako a baya, mu goma, ƙafafu na lilo, a kan siririyar hanyar bulo da ta ratsa tsakanin kududdufai. Ko da muka sauka, ƙuguna ya gama tsami.

Wannan yanki na gundumar 24 Parganas ta Kudu shi ne fagen ƙungiyar Jana Sanskriti, wadda Sanjoy Ganguly da abokansa suka kafa a 1985, mai cibiya a Badu, arewa da Kolkata. Tsarinsu ya samo asali daga Augusto Boal, ɗan Brazil da ya rasu a 2009, wanda ya ce kada ɗan kallo ya tsaya a kallo, ya shigo cikin wasa ya gwada mafita. 'Yan wasan ba daga birni ake kawo su ba. Manoma ne da 'yan ƙodago, maza da mata, na ƙauyukan. Wasansu da ya fi shahara, Shonar Meye, a kan dukiyar aure ne da dukan mata.

Wanda na kalla an yi shi ne bayan la'asar a filin wata makarantar firamare. Ba dandamali, ba lasifika, da'ira ce kawai da aka kafa da gora. Mata da yara suka zauna gefe guda a kan tabarmi, maza suka tsaya ta baya, hannu a harɗe. Aka nuna dangin ango sun zo ganin yarinya, suna duba gashinta da haƙoranta da tafiyarta. Aka yi ciniki, uba ya sayar da gona. Aka nuna miji ya dawo a buge, ya ɗanɗana abinci ya ce ba gishiri, ya rufe ta da duka, uwarsa na zuga shi. Ta gudu gida, uban ya ce ta koma, ba shi da abin aurar da ƙannenta balle riƙe bazawara. A nan wasa ya tsaya, ba a warware komai ba.

Sai jagoran wasa ya fito ya tambayi jama'a ko sun yarda a tashi a haka. Aka ce a'a. Ya ce to za a sake daga farko, duk wanda ya ga inda za a gyara ya ce "tsaya", ya shigo ya karɓi matsayin wanda ake zalunta ko na mai iya taimakonta. Sharaɗi ɗaya ne: mai fitowa a miji ba zai sauko cikin sauƙi ba, zai yi taurin kai irin na mijin gaske.

Wata tsohuwa ce ta fara shiga a matsayin uwar yarinya, ta yi ta ba ta haƙuri, mata suka ɗauki gunaguni. Wani saurayi ya shiga a matsayin wanta, ya ci kwalar miji. Mijin ya yi dariya ya ce, "Ka gama? In ka tafi gida da wa za ta kwana?" Saurayi ya fita yana sosa ƙeya. Can sai wata siririyar mata ta miƙa wa ta kusa da ita jaririnta, ta shiga a matsayin matar. Ba ta yi musu da miji ba ko kaɗan. Yana ɗaga hannu ta fice da gudu, ta shiga cikin 'yan kallo tana janyo mata na gaske da hannu, har sun fi goma suka tsaya cirko-cirko a bakin ƙofarsa. Ɗan wasan ya dube su, ya sauke hannu. Maza suka yi dariya, sannan dariyar ta ɗauke.

Jagora ya juya wajensu ya ce, wannan zai yiwu a garin nan? Gardama ta kaure har duhu ya shiga. Wani dattijo ya ce tsakanin miji da mata ba a shiga, maganar cikin gida ce. Wata mata daga kan tabarma ta ce, "Kawu, in gidansa ya kama da wuta ma maganar cikin gida ce?" Ba a cimma matsaya ba, kuma an gaya mini ba a neman a cimma a rana ɗaya. Za su dawo da wasan bayan 'yan watanni, su sake dawowa. Wani bincike da Bankin Duniya ya wallafa a 2021, wanda ya tambayi ma'aurata fiye da 3,000 a ƙauyukan wannan gunduma, ya gano dukan mata ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu a inda ƙungiyar ta yi shekara da shekaru tana wasa. Mai fitowa a miji, wanda sana'arsa yankan shinkafa ce, ya ba ni nasa dalilin muna shan shayi: "A garin nan nake kwana. In na taɓa matata yau, gobe da wane ido zan shiga da'ira?" Jirgin dare muka kamo, ban isa masauki ba sai bayan ƙarfe sha ɗaya.

Sai da na huta sannan na nufi yamma. Daga Howrah zuwa Balichak kimanin kilomita 90 ne, awa biyu da ɗoriya, tikitin bai kai rupi 30 ba. Daga can mota ta yi da mu kusan awa guda zuwa ƙauyen Naya, a yankin Pingla na gundumar Medinipur ta Yamma. Ba ka bukatar mai nuna maka ka iso. Bangon kowane gida zane ne: kifaye, tsuntsaye, damisa, furanni. Masu zane kimanin 250 ne a ƙauyen, kusan duk sunan zuriyarsu Chitrakar, kuma da yawansu Musulmi ne, ko da yake labaran Hindu ne kaso mai yawa na abin da suka gada suna zanawa. Sana'ar ita ce a zana labari hoto bayan hoto a doguwar takarda, a manna mata tsohon sari a baya don ta yi ƙarko, a naɗe. Mai zane na warwarewa yana rera labarin. Launin rawaya daga gangamau ake samunsa, shuɗi daga wani fure, baƙi daga hayaƙin fitila, a dama da ƙaron wani ɗan itace. A da maza ne ke yawo gari-gari suna rerawa a ba su shinkafa, mata na gida suna haɗa launi. Yanzu mata sun karɓi alƙalami, wasunsu har ƙasashen Turai ake gayyatarsu. Tun 2010 ake bikin baje kolin zane a ƙauyen duk shekara, a 2018 kuma gwamnati ta yi wa zanen rajista a matsayin kayan gadon Bengal.

Naya ba gidan fakewar mata ba ne, kuma ba wanda ya ce mini shi likitan zuciya ne. Amma da mata suka fara zane, labaran ma sun ƙaru. Wata mata ta shimfiɗa mana tabarma a barandarta, ta warware wata takarda da ta fi ni tsawo. Ga amarya ana kai ta, ga sikelin auna zinariya, ga uwar miji da galan ɗin kananzir, ga wuta. Hoton ƙarshe matan gari ne sun yi jerin gwano zuwa ofishin 'yan sanda. Muryarta siririya ce mai kaifi, maƙwabta suka taru ba wanda ya kira su. Ta ce ƙungiyoyi da ma'aikatun gwamnati kan ba su aikin irin wannan zane don wayar da kai. Na tambaye ta abin da sana'ar ta sauya mata. Ta waiga wajen mijinta da ke dama launi a ɓawon kwakwa, ta yi murmushi ta ce, "Tun da kuɗi ya fara shigowa ta hannuna, hayaniya ta ragu a gidan nan." Shi ma ya yi dariya, bai musa ba. Na sayi ƙaramin zane a rupi 500.

A jirgin sama na koma Delhi, don ƙuguna ba zai sake ɗaukar awa 17 ba. Abin da na dawo da shi ba shi da yawa. Rawa da wasa da zane ba sa maye gurbin likita ko alƙali ko wurin kwana, kuma ba wanda na tarar yana da'awar haka. Aikinsu shi ne su kai mace inda za ta iya buɗe baki, su kuma sa maza su saurara a bainar jama'a ba tare da an kama sunan kowa ba. Inda abin ya yi tasiri, mutanen gari ne ke yinsa, an daɗe ana yi, akwai kuma lauya ko sana'a a bayansa.

Mu ma ba baƙin wannan hanya ba ne. Tun shekarun 1970 sashen wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello ke fita Samaru da ƙauyukan Zariya da wasan da jama'a ke sa baki a ciki. Littafin Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, Alhaki Kuykuyo Ne, na 1990, mai labarin matar da miji ya wulaƙanta ya kora da 'ya'yanta, a birnin Chennai na Indiya aka buga fassararsa ta Turanci a 2012. Muna da marubuta mata, muna da Kannywood, muna da gidajen rediyo, akwai kuma dokar tarayya ta 2015 da ta hana cin zarafi. Abin da ya rage a haɗa su wuri ɗaya, a kuma daure a daɗe ana yi.

Kafin nan akwai abin da ba ya bukatar ƙungiya ko kuɗi. A 2008 an yi wani gangami a Indiya da ya roƙi maza abu ɗaya tak: in ka ji ana dukan mace a maƙwabta, je ka danna ƙararrawar ƙofa, ko da aron wani abu za ka ce ka zo. Mu da yawancin gidajenmu ba ƙararrawa, muna da sallama. Mai karatu, in ka ji kuka ta bayan katanga, kada ka ƙara wa rediyo murya. Tashi ka je ka yi sallama.